Yadda Mai Fasaha Baƙar Fata da Ta Sauya Jinsi Za Ta Haɗa Gajeren Fim na Fafutuka a Amurka

Wannan jagora ta mai fasaha ce baƙar fata wadda ta sauya jinsi, mazauniyar Amurka, da ke son ta rubuta gajeren fim, ta fito a cikinsa, kuma fim ɗin ya amfani mutanenta bayan an kunna fitilun sinima kowa ya watse. Da ita muke magana, shi ya sa za a yi ta jin "ki". Da yawa daga abin da ke tafe ya shafi kowane ƙaramin fim, amma akwai wuraren da aiki ke ɓaci ta hanyar da sai na ciki ya sani: takardun suna, hasken fata, banɗakin wurin ɗauka, da yadda ake biyan mutum ba tare da an jawo masa asarar tallafinsa ba. A waɗannan za mu fi daɗewa. A ganinmu, fafutukar ta fi zama a cikin wa aka ɗauka aiki, wa aka biya, wa ya mallaki fim ɗin, fiye da jawabin da jaruma za ta yi a mintin ƙarshe.

Labarin da tsawonsa

Shafi ɗaya na rubutun fim, in an jera shi bisa ƙa'ida, kusan minti ɗaya ne a allo. Ki tsaya tsakanin shafi 8 da 15. Masu ba da kyautar Oscar suna kiran fim gajere matuƙar bai wuce minti 40 ba har da jerin sunaye, amma masu tsara bukukuwan finafinai kan haɗa gajeru shida ko bakwai a zama ɗaya na kusan awa ɗaya da rabi. Fim mai minti 30 sai ya ture biyu kafin ya samu gurbi, don haka ba sa saurin ɗaukarsa. Ki rubuta abin da zai yiwu a wuri biyu, da 'yan wasa uku ko huɗu, a kwana uku. Ƙaramar tawaga tana cin shafi huɗu ko biyar a yini in ba a yawan kwashe kaya, domin kowace ƙaura daga wuri zuwa wuri tana iya lashe awa biyu.

Akwai fitowar da aka yi ta maimaitawa har ta gundiri kowa: mace tana kallon kanta a madubi tana kuka, lokacin da "asiri ya tonu" namiji ya ja da baya, tsohon hoton yarinta da ake nunawa don mai kallo ya kwatanta, sai kuma gawa a ƙarshe. Ba wanda ya haramta su, sai dai duk an gina su ne don idon baƙo. Ki yi wa rubutunki wannan tambaya: ban da a karɓe ta, me jarumar take so? Kuɗin haya kafin ƙarshen wata, ko ta doke kishiyarta a gasar rawa, ko ta dawo da karenta daga hannun tsohon saurayi. In babu amsa, takardar wayar da kai kika rubuta, saura labarin.

In labarin dole sai ya koma rayuwarta ta da, ku zauna da jarumar tun kafin a sa hannu a komai, a ji ko tana son ta taka wannan ɓangaren da kanta. A shirin Orange Is the New Black, ɗan tagwayen jaruma Laverne Cox wadda ta sauya jinsi, M Lamar, shi ya fito a wannan matsayi. Ba kowa ke da ɗan tagwaye ba, amma ana iya murya kawai, ko hannu, ko a tsallake gaba ɗaya.

Idan daga tarihi za ki ɗebo

Nan ne mutane da yawa ke samun labarinsu, nan ne kuma ake yawan zamewa. Tourmaline, mai shirya fim a New York, ta gina fim ɗinta Salacia na 2019 a kan Mary Jones, baƙar fatar da aka gurfanar a kotun birnin a 1836. Kusan duk abin da ya rage game da Mary Jones ya fito ne daga takardun kotu, da jaridun da suka yi mata ba'a, da wani zanen da aka buga ana sayarwa don izgili. Wato maƙiyinta ne ya riƙe alƙalami. Ki karanta irin waɗannan takardu da wannan a ranki: ki ɗauki ranaku da tituna da sunayen wurare, ki bar musu hukuncinsu.

Wuraren nema sun haɗa da Digital Transgender Archive da ke intanet kyauta, cibiyar Schomburg a Harlem, sashen rubuce-rubucen hannu na babban ɗakin karatun New York, da ONE Archives a Los Angeles. Ki buɗe jadawali tun ranar farko, kowane hoto da bidiyo da layinsa: inda aka samo shi, lambarsa a ma'ajiyar, wanda ya ɗauka, shekarar, da mai haƙƙinsa. Layin ƙarshen nan shi ke kama mutane. Ma'ajiyar da ke riƙe da hoto ba lallai ita ce mai haƙƙin mallakarsa ba. Sau da yawa za ki biya ta kuɗin kwafi, sannan ki nemi izinin mai ɗaukar hoton ko magadansa daban. Abin da aka buga a Amurka fiye da shekara 95 da suka wuce ya zama na kowa, don haka zanen 1836 ba mai tambayarki, amma hotunan Marsha P. Johnson, baƙar fata 'yar fafutuka a New York, na shekarun 1970 suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta 1976, a sashe na 107, ta bar ƙofar amfani da guntun aiki don sharhi ko suka, sai dai kariya ce da ake karewa da ita in an kai ƙara. Kafin ki dogara da ita ki samu wasiƙar lauya, domin kamfanin inshora da mai rarraba fim za su nema.

Sai maganar gaskiya da ƙage. An daɗe ana cewa Marsha ce ta fara jifa a tarzomar Stonewall ta 28 ga Yuni 1969, wadda ta ɓarke da 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall a New York, alhali ita da bakinta ta gaya wa marubuci Eric Marcus cewa ta iso wurin wajen ƙarfe biyun dare, bayan rikici ya riga ya kankama. Kina da 'yancin ƙirƙirar daren yadda kike so, muddin fim ɗin ya nuna a fili cewa hasashe ne. In kika gabatar da shi a matsayin tarihi, wanda ke neman rushe aikin zai kama wannan kuskure ɗaya ya yi watsi da sauran. Abin da ta yi na haƙiƙa ma ya isa fim: ita da Sylvia Rivera sun kafa ƙungiyar STAR a 1970, suna ba matasa marasa matsuguni wurin kwana. Ki kula da kalmomi kuma. Mutanen wancan zamani suna da sunayen da suke kiran kansu da su, kada ki cusa musu na yau a baki. Mamaci ba ya ƙarar ɓata suna a dokar Amurka, amma ƙawarsa da ke raye tana iyawa.

Duk wanda ya tono miki takarda ko ya ba ki kaset daga akwatinsa, ki rubuta sunansa a jerin ma'aikata kuma ki biya shi. Aikin bincike aiki ne.

Kuɗi, da takardun da ke biye da su

Ki fara da kafa ƙaramin kamfani irin na LLC, wanda ke raba bashin kamfani da dukiyar mai shi, domin fim ɗin, kwantiragi da asusun banki su kasance da sunansa. A Kaliforniya akwai harajin dala 800 duk shekara ko kamfanin bai samu sisi ba. A jihar New York dole a buga sanarwa a jaridu biyu na tsawon mako shida, kuɗin kuma ya danganta da gundumar. Adireshin da kika bayar wajen rajista kowa na iya gani a intanet, saboda haka kada ki sa na gidanki. Ki biya wakilin rajista ya ba ki nasa. Wannan ƙaramin kuɗi ne da zai yi miki rana in fim ɗin ya jawo hankalin masu tsangwama.

Gidauniyoyi da yawa ba sa ba mutum ɗaya kuɗi sai ƙungiyar da ba ta neman riba, mai rajistar 501(c)(3). Mafita ita ce ki shiga ƙarƙashin inuwar wata irinta, kamar Fractured Atlas, Film Independent ko Women Make Movies. Su karɓi kuɗin a madadinki, mai bayarwa ya samu rangwamen haraji, su cire kasonsu, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Amma fa inuwar tana da sharaɗi: kuɗin da ya bi ta nan ba a tallata ɗan takara ko a soke shi da shi. Kina iya yin fim kan beli ko kurkuku ko asibiti, amma in fim ɗin ya ce a zaɓi wane, kin jefa ƙungiyar a matsala da hukumar haraji. Ki duba kuma ko akwai kuɗin gwamnatin tarayya a cikin tallafin. A Janairun 2025 fadar White House ta fitar da umarnin hana kashe kuɗin tarayya kan abin da ta kira aƙidar jinsi, hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa, NEA, ta sa sharaɗi a kan haka, aka kai ta kotu. Ki karanta sharuɗɗan da ke aiki ranar da za ki sa hannu.

Akwai masu tallafi da aka kafa domin ku, irin su Black Trans Femmes in the Arts da Queer|Art a New York, da Transgender Film Center. In kuma daga jama'a za ki tara kuɗi a intanet, shafin Kickstarter yana cire kashi 5, ban da kuɗin sarrafa kati, kuma in ba ki kai adadin da kika sa ba, ba ki samun komai. Ki sa adadin da za ki iya kaiwa, ki tabbatar kina da alkawarin kusan kashi ɗaya cikin uku kafin ki buɗe, domin mutane ba sa son su zama na farko a kwano marar komai. Kuɗin da ya shigo, hukumar haraji na iya ɗaukarsa kuɗin shiga, ki ware nata. A kasafin kuma ki ajiye kashi 10 na ko-ta-kwana, kada ki taɓa har sai an fara ɗauka.

In ke ko wata jarumarki mamba ce a ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA, ba ta da damar fitowa a fim ɗin da bai yi yarjejeniya da ƙungiyar ba. Akwai yarjejeniyar gajeren aiki ga fim ɗin da kasafinsa bai wuce dala 50,000 ba kuma bai haura minti 40 ba, da wata ta aikin da bai wuce dala 20,000 ba. Ki tura takardunki mako huɗu zuwa shida kafin ranar ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yarjejeniyar gajeren aiki tana ba da damar a jinkirta biyan 'yan wasa. Shawararmu kada ki yi. Gajeren fim da wuya ya dawo da kuɗinsa, don haka "za a biya daga baya" sau tari ma'anarsa ba za a biya ba, kuma fim ɗin da ke kukan talaucin mata masu sauya jinsi bai kamata ya tsaya a kan guminsu kyauta ba. Gara ki rage kwana ɗaya ki biya kowa. Kafin ki biya kuma ki tambayi kowa a keɓe yadda yake son kuɗin ya zo. Mai karɓar SSI, tallafin gwamnati ga naƙasassu da tsofaffi marasa ƙarfi, ba a yarda dukiyarsa ta wuce dala 2,000 ba, kuma a Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ana duba abin da ke shigo wa mutum a wata. Kuɗi dunƙule a wata ɗaya na iya girgiza inshorar da mutum ke sayen maganinsa da ita. A bar shi ya tuntuɓi mai ba shi shawara, a tsara biyan bisa doka.

Sunaye

Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma yana iya kashe yini guda. Fom ɗin haraji da na izinin aiki, wato W-4 ko W-9 da I-9, suna neman sunan da ke kan katin shaida, kuma ba kowa ya samu damar sauya nasa a kotu ba. To, mutum ɗaya tak zai riƙe waɗannan takardu, a jakar da ke kulle ko fayil mai kalmar sirri. Duk sauran takardu da sunan da mutum ke amsawa za a rubuta su: jadawalin kiran aiki na kullum, alamar ƙofar ɗakin shiri, jerin masu cin abinci, rukunin saƙonnin waya. Inda ake yawan faɗawa shi ne manhajar biyan albashi. Mataimakin furodusa ya kwafo sunaye daga cikinta da tsakar dare ya liƙa a jadawalin gobe, gari ya waye mutum ashirin sun ga sunan da jarumar ta binne shekara goma da suka wuce. Ki hana a kwafo komai daga can. A kwantiragi a sa layi dabam: "sunan da zai fito a allo", mutum ya rubuta da hannunsa. Kafin a rufe fim a tura wa kowa hoton jerin sunayen ya tabbatar.

Tawaga da wurin ɗauka

Masu shirin Disclosure na 2020, wanda Sam Feder ya ba da umarni, Laverne Cox kuma tana cikin manyan furodusoshinsa, sun bi wata ƙa'ida da ta cancanci a ara: a fara neman mai sauya jinsi a kowane gurbi, in ba a samu ba, wanda aka ɗauka ya koyar da wani a gefensa. A ƙaramin fim ki zaɓi gurbi biyu, misali kamara da sauti, ki sa ɗan koyo a kowanne, da albashinsa. A fim na gaba kina da ma'aikata.

Ki je wurin ɗauka da ƙafarki, a irin lokacin da za a yi aikin. Ki saurari firji da na'urar sanyaya ɗaki da jirgin ƙasa. Ki ƙirga soket. Sannan ki duba banɗaki, kuma kada ki ɗauka wasa ne. Mata da yawa masu sauya jinsi suna shan spironolactone, maganin da ke sa yawan fitsari da ƙishirwa, don haka ana bukatar banɗaki kusa, mai ƙofa ɗaya da sakata, da ruwan sha a wadace. Dokoki kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha. A Filorida, dokar 2023 ta sa wanda ya shiga banɗakin da bai dace da jinsin haihuwarsa ba a ginin gwamnati, aka ce ya fita ya ƙi, ana iya tuhumarsa da laifi. In za ki ɗauka a makaranta ko ginin hukuma a irin wannan jiha, ki yi hayar banɗakin tafi-da-gidanka ko ki sauya wuri.

A sa kuɗin mota zuwa gida a kasafi ga duk wanda zai tashi da dare. Kada kowa ya sa hoton wurin a intanet sai an kwashe kaya. Abinci cikin awa shida da fara aiki, hutun awa 12 tsakanin tashi da dawowa, haka ƙa'idar ƙungiyar 'yan wasa take, ki yi wa kowa da kowa ita. Mai sanye da matsattsun kayan ciki masu ɗaure jiki a ba shi damar kwancewa tsakanin fitowa, mai ɗaure ƙirji kuma kada ya wuce awa takwas. In akwai fitowar tsiraici ko kusantar jiki, ƙa'ida ita ce a ba ɗan wasa rubutaccen bayanin abin da za a nuna aƙalla awa 48 kafin lokacin, a kawo mai kula da irin wannan fitowa, a fitar da duk wanda ba shi da aiki a ɗakin.

Hasken baƙar fata

A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto kati mai hoton farar mace don daidaita launi, kuma wannan gadon bai gama fita daga hannun masu kamara ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka baƙar fata ƙarin haske kawai take so. Sai a dallare ta da fitila, goshi ya yi fari fat, sauran fuskar ta yi toka-toka. Baƙar fata tana mayar da haske kamar gogaggen katako, siffar fuskar tana fitowa ne daga ƙyallin da ke kwance a kunci da goshi da karan hanci. Saboda haka abin nema shi ne haske mai faɗi da taushi: a harba fitila a kan farin ƙyalle mai faɗin mita biyu, ko a ratsa ta cikinsa, a matso da shi kusa. A ɗaya gefen a sa baƙin ƙyalle in ana son inuwa ta yi zurfi. Akwai matatar ƙyalli da ake ɗaura wa idon kamara, ana juya ta a rage ko a ƙara sheƙin fata, amma tana cin haske sosai, a lissafa da ita.

Ki ware rabin yini na gwaji kafin ɗauka, da cikakkiyar kwalliya da sutura da gashi. A zaunar da jarumar, a ɗauki daƙiƙa 20 da haske daga gaba, 20 daga gefe, 20 daga baya, sannan ku kalla tare a babban allo, kada a waya. Abubuwa uku za su bayyana. Haske mai kaifi daga gefe yana fito da inuwar gemu ko an shafe ta. Maganinta a fara da man gyaran launi ruwan lemo ko ja-ja kafin a ɗora hoda mai ruwa, a kuma tausasa fitilar. Bakin ragar gashin kanti yana fitowa ƙarara a kamara mai kaifi, sai an rina shi daidai da fatar an kwantar da shi da kyau. Hoda mai kashe sheƙi kuma, in ta yi yawa, tana mayar da fuska kamar allo. Fata mai ɗan maiƙo ta fi kyau a kamara. Ki ɗauki mai kwalliyar da ta saba da baƙar fata, ki ce ta nuna miki hotunan aikinta, gani ya kori ji.

Idon kamara mai faɗi, in an kawo shi dab da fuska ko an ɗauka daga ƙasa, yana ƙara girman haɓa da hannu. Don hoton kusa a yi amfani da mai milimita 50 zuwa 85, a tsayin ido. Wata jarumar ba ta damu ba, wata kuwa wannan ne zai sa ta ƙi kallon fim ɗin har abada, don haka a tambaye ta. In fitowa ta haɗa mai duhun fata da mai haske, a daidaita kamara a kan mai duhun, a rage wa ɗayan haske da raga. In aka yi akasin haka, sai an ɗaga hoton a wurin tacewa, fatar ta cika da ƙura-ƙura.

Rashin babbar kamara ba hujja ba ce. An ɗauki Tangerine na 2015 da wayoyin iPhone 5s, kuma Mya Taylor ta ci kyautar Independent Spirit da shi. In da waya za ki yi, ki kulle haske da launi da hannu, in ba haka ba wayar za ta yi ta sauya launin fatar duk sanda farar riga ta gifta. Hoto 24 a daƙiƙa.

Sauti kuwa ba a yi masa rowa. Mai kallo yana yafe hoto mai rauni, amma in bai ji magana ba ya tafi. A ɗauka a kilohaz 48 da bit 24, ƙololuwar murya kusa da desibel 12 ƙasa da sifili, makirfo kamar rabin mita sama da baki. A kowane ɗaki a ɗauki minti ɗaya na shiru don cike gurbi. A gaya wa mai haɗa sauti tun farko kada ya ƙara wa muryar kowa siranta ko kauri sai da izinin mai ita. Wadda ta horar da muryarta tana gajiya da wuri, sai a bar fitowar ihu da kuka zuwa ƙarshen yini. Kowane dare a kwafe katunan kamara gida uku, ɗaya ya kwana a wani gini dabam.

Tacewa da fitarwa

Waƙar da kike so a fitowar rawa tana da masu haƙƙi biyu, mai rubutun waƙar da mai faifan, kuma kiɗan gidajen rawa cike yake da guntayen waƙoƙin wasu da ba wanda ya nemi izininsu. Lasisin bukukuwa kaɗai yana da sauƙi, amma ranar da wani dandali ya so sayen fim ɗin sai ki koma ciniki daga farko. Ya fi miki ki biya mawaƙi daga cikin jama'arki ya yi sabo, da takardar da ta fayyace wa ke da me.

Ki nuna aikin ga rukuni biyu dabam kafin a rufe. Na ciki za su gaya miki inda kika yi ƙarya, na waje za su gaya miki inda suka ɓace. In na waje suka ce a ƙara bayani, ki ƙara jimla ɗaya, kada ki ƙara fitowa. A gayyaci jarumar ranar daidaita launi. A yi rubutun magana na ƙasan allo domin kurame, a fitar da kwafin sinima na DCP a gwada shi a majigi na gaske.

Kada ki sa fim ɗin a YouTube tukuna, domin wasu bukukuwa suna son su ne na farko. Bikin Sundance na karɓar gajeru sama da 10,000 a shekara ya zaɓi ƙasa da 100, don haka ki jefa amma kada ki jingina da shi. Frameline a San Francisco yana nan tun 1977, akwai NewFest a New York, BlackStar a Filadelfiya, da BFI Flare a Landan. Akasari ta shafin FilmFreeway ake turawa. Kuɗin shiga yana taruwa, ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa ki nemi a yafe miki, da yawa suna yi.

Abin da za a nema a wurin mai kallo

Bukata ɗaya, wadda mutum zai iya cikawa kafin ya bar kujerarsa. "A daina ƙyama" ba bukata ba ce da za a iya aunawa. Ki dubi yadda aka ɗaura shirin Free CeCe! na 2016 a kan shari'ar mutum ɗaya, CeCe McDonald, wadda aka tsare a kurkukun maza a Minnesota, daga nan aka buɗe maganar kurkuku gaba ɗaya. Ko ki tuna Layleen Polanco, wadda ta mutu a kurkukun tsibirin Rikers na New York a 2019 tana tsare saboda belin dala 500. Fim kan irin wannan, bukatarsa asusun beli ne, da lambar da za a ɗauka da waya a allon ƙarshe. Fim kan takardun suna, bukatarsa lauyoyin sa-kai biyu a teburi a bakin ƙofa suna cike wa mutane fom. Ki nemi ƙungiyar da ta riga ta daɗe a kan aikin tun kina rubutu, ki tambaye su me suke bukata, kada ki kai musu gamammen fim ki ce su tallata.

Gayyata za ta yi yawa a ranaku biyu: 20 ga Nuwamba, ranar tunawa da masu sauya jinsi da aka kashe, wadda aka fara a 1999 bayan kisan Rita Hester a Boston, da 31 ga Maris, ranar bayyana kai. Jami'o'i da kamfanoni suna da kasafin waɗannan ranaku. Ki sa kuɗin nuna fim dabam, kuɗin jawabi dabam, ki rubuta tun farko kason da zai koma ga 'yan wasa. A wurin tambaya da amsa a samu mai gabatarwa da aka yi wa bayani, wanda zai tare tambayar tiyata da ta tsohon suna kafin ta iso gare ki. A sanar cewa ba a ɗaukar hoton masu kallo, domin akwai wanda iyalinsa ko wurin aikinsa ba su san ya zo ba.

Kafin tallan fim ya fita, ke da 'yan wasa ku kunna tabbacin shiga mai mataki biyu a duk shafukanku, ku nemi kamfanonin da ke sayar da bayanan mutane su cire adireshinku, ku ba wani amintacce aikin karanta saƙonni na makon farko yana ajiye hoton duk wata barazana da ranarta. A gaya wa duk wanda ya fito da fuskarsa a fili cewa abin da ya hau intanet ba ya saukowa, a bar shi ya yanke shawara da saninsa.

Bayan an gama zagaye, ki yi wa fim ɗin rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka da sunan kamfaninki, ki tattara kwantiragi da lasisi a jaka ɗaya. Sannan ki kai kwafin fim ɗin, da rubutunsa, da hotunan bayan fage, da jadawalin bincikenki wata ma'ajiya. A takardar miƙawa ki rubuta cewa haƙƙin mallaka yana hannunki, ki ware abin da ba za a buɗe ba sai bayan shekarun da kika ƙayyade, ki cire fom ɗin haraji da duk takardar da ke ɗauke da tsohon sunan wani kafin akwatin ya bar hannunki.